Yadda ake ceto tsohuwar majami'a da makabartarta, mataki-mataki

Tun da muka gama aikin wata tsohuwar majami'ar laka a wani ƙaramin gari na ƙasar Adar, wayata ba ta huta ba. Daga Ƙonni, daga Madawa, har daga Yamai, tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, siminti buhu nawa kuka saya?" Kaɗan muka saya, kuma ko cokali ɗaya bai hau bangon majami'ar ba. Abin da ya ci mana lokaci shi ne zama da mutane, awo, da bin sawun ruwa. Shi ya sa na ga gara in jera matakan bi da bi, don duk garin da ke da tsohon ɗakin ibada da kusheyi a gefensa ya samu abin kamawa. Ku bi jerin yadda yake. Wanda ya fara da yaɓe da fenti zai dawo baya yana ba mutane haƙuri, kuma damina ɗaya ta isa ta wanke kuɗinsa.

1. Sallama kafin aiki

A fara da masu wurin. In majami'ar ta Katolika ce a jihar Tawa, tana ƙarƙashin dayosis ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2001, don haka fada, wato limamin majami'ar, shi ne zai kai maganar gaba. In kuwa ta samo asali ne daga aikin mishan ɗin SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da yawan irin waɗannan suna ƙarƙashin EERN, wato Ekklisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, sai a bi ta fasto da dattawa. Ko wace ce, a karɓi izini a rubuce, da sa hannu da hatimi.

Daga nan sai ƙofar maigari ko mai unguwa, sai liman, sai maƙwabtan da katangarsu ke jingine da filin. Kada a aika yaro da takarda. Dattawa biyu su je da ƙafarsu bayan la'asar, su zauna, su faɗi abin da ke tafe da su. A garuruwanmu Kirista tsiraru ne, kuma sau da yawa wanda ke kwance a makabartar, 'yan'uwansa da jikokinsa Musulmi ne. Kakansu ne, suna da haƙƙin a sanar da su. In sun ji daga bakinku, su ne za su riƙa korar awaki daga wurin ko ba kwa nan.

Kwamiti kada ya wuce mutum 7 ko 9. A sa shugaban majami'a, dattijo, mata biyu aƙalla, magini, wakilin maigari, da matashi ɗaya da ya iya waya da kwamfuta. Mata ba don cika lissafi ba: su ne suka san wa aka binne ina, musamman yara ƙanana.

Gargaɗi: kada a ɗaga ko dutse ɗaya kafin a sanar da iyalai. Mu mun yi wannan kuskuren. Samarinmu, da kyakkyawar niyya, suka kwashe wani ɗan tarin duwatsu a gindin aduwa, suna zaton ɓaraguzai ne. Da yamma wata tsohuwa ta zo tana dogara sanda, ta tsaya a wurin, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "'Ya'yana, ina kuka kai mini ɗiyata?" Sai da muka bi baro muka tsinto duwatsun, ita ce ta riƙa nuna inda kowanne yake, muna cewa "To, Inna." Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi.

2. Takardar fili

Yawancin tsofaffin majami'u da baki aka ba su fili. Wanda ya bayar ya rasu, shaidu sun rasu, gari kuma ya taso ya kewaye wurin. Ran da aka zo yankan filaye, bakin da babu takarda a bayansa ba ya tsayawa.

A ƙauye, a nufi hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda ta samo tushe daga dokar karkara ta 1993. Akwai ta a matakin ƙauye, da na kwamin, da na gunduma, kuma ta hanyarta ake samun takardar shaidar kyauta ko ta mallakar gado. In wurin yana cikin garin da aka riga aka yanka, ma'aikatar magajin gari da ofishin safiyo ne za su duba taswira. A sa rana, a zaga iyaka da ƙafa tare da maƙwabta da wakilin maigari, a kafa turakun siminti a kowace kusurwa, a ɗauki hoton kowane turke da mutanen da suka shaida, a kuma adana lambobin wurin da waya ke nunawa. Nan ne buhunan simintinmu na farko suka tafi.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997. A rubuta wa ofishin al'adu na jiha a Tawa, a haɗa da hotuna, a nemi su zo su gani. Amma a sani tun da wuri: ginin da hukuma ta sa cikin jerin kayan tarihi ba a sake masa kama sai da izininta. Kwamiti ya tattauna wannan a fili kafin ya nema.

3. Hoto, awo da taswira

Kayan aiki: waya mai kyamara, doguwar mita ta awo mai tsawon 30 ko 50, igiya, turaku, alli, babban littafi mai kauri, da fensir. Fensir na ce, don biro yana zuba in takarda ta jiƙe.

A ɗauki ginin daga gabas, yamma, kudu da arewa, sannan daga kowace kusurwa, sannan ciki, sannan rufi. Duk tsagar da ke bango a ɗauke ta da tsabar dala ashirin a gefenta don a gane girmanta. A auna tsawo, faɗi, kaurin bango, ƙofofi da tagogi, a zana a littafi. Zanen ba sai ya yi kyau ba, lambobin ne ake so su zama daidai.

A makabarta, a ja igiya daga turke zuwa turke a gefen da ya fi miƙewa, a raba wurin sahu-sahu: A, B, C. Kowane kabari ya samu lamba, kamar B-7. A littafi a rubuta suna, shekarun da ke jiki in akwai, irin alamar da ke kai, gicciyen ƙarfe ne ko dakalin siminti ko tarin duwatsu, halin da yake ciki, da sunan wanda ya shaida. Rubutun da ya dushe yakan fito da sassafe, lokacin da hasken rana ke zuwa a kwance, ko da magariba in an haska tocila daga gefe.

Sai a kawo tsofaffi wurin, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don a taro mai babbar murya ne ke rinjaye. A nemi izininsu a naɗi muryarsu. Tambayoyin su zama masu sauƙi: "Baba, wa ya gina wannan bangon? Daga ina aka ɗebo laka? Wa aka fara binnewa?" In mutum biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun.

Gargaɗi: kabarin da ba a tabbatar da mai shi ba, a rubuta "ba a sani ba". Suna ɗaya na ƙarya yana iya haddasa rigimar iyali da za ta fi aikin tsawo. Kuma kada a bi rubutun da ya dushe da fenti. Mai fenti zai cike gurbi da zatonsa, 3 ta koma 8, asalin kuma ya tafi.

4. Littattafan majami'a

Rijistar baftisma, ta aure da ta mutuwa, tsofaffin littattafan waƙoƙi, hotuna, wasiƙu. Gara da yoyo su ne masu cin su a hankali, wuta kuma a dare ɗaya. Mun gani a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai: bango ana sake tayar da shi, takardar da ta zama toka ba ta dawowa.

A shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa mai haske, a ɗauki kowane shafi da waya, daga bangon gaba har na baya, har da shafukan da babu komai don a san ba a tsallake ba. A yi kwafi uku: ɗaya a katin ajiya wurin sakatare, ɗaya a hedkwatar ekklisiya, ɗaya a wani gari dabam. Asalin a naɗe shi da farin yadi, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora bisa bulo nesa da bango. Ba a liƙa salatif a takardar da ta yage, ba a kai ta a rufe ta cikin leda da na'ura mai zafi. Duka biyun suna cinye tawada da daɗewa, kuma ba a iya warware su.

Gargaɗi: kada a watsa shafukan rijista a Facebook ko WhatsApp. Akwai sunayen mutanen da ke raye, kuma ba kowa ne ya yarda a tallata labarinsa ba.

5. Bin sawun ruwa

Wannan shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa, kuma shi ne zuciyar aikin. Tsohon maginin da ya ja mu, ranar farko bai ko dubi bangon ba. Ƙasa ya riƙa dubawa, yana tafe yana jan ƙafa cikin turɓaya. Da ya gama zagayawa sai ya ce mini, "Malam, ba tsuhwa ka kashe gini ba, ruwa na." A Satumban 2024 tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe cikin ruwan sama. Ginin laka yana iya haura shekara ɗari, matuƙar ruwa bai samu wurin zama a kansa ko a gindinsa ba.

Don haka a jira damina. Cikin watan Agusta, ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutum biyu su tsaya a wurin, ɗaya ciki ɗaya waje. Na ciki ya sa alamar alli duk inda ya ga ɗigo ko danshi. Na waje ya duba: wane indararo ne ya toshe? Wanne ne ke zuba a jikin bango? Ina ruwa ke kwanciya, kuma awa nawa yake yi kafin ya tsotse? Daga wane gida ko wace hanya yake gangarowa? Wane bango feshi ke duka? A ƙasarmu galibi na gabas ne, don daga can hadari ke tasowa. A makabarta a bi ruwan da ƙafa, daga inda ya shigo har inda ya fita, a zana hanyarsa a taswira.

Bayan ruwa ya ɗauke da kwana biyu, a ƙwanƙwasa yaɓen da bayan yatsa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bango. A soka ƙusa a kowace azara, musamman inda kanta ya shiga bango. In ƙusar ta nutse babu wuya, gara ko ruɓa ta riga ku. A kan kowace babbar tsaga a ja layin fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo duk wata. Tsagar da ta tsaya cak cikewa kawai take so. Wadda ke ƙaruwa tana nufin tushe na motsi, wannan kuma sai an kira injiniya ko babban magini.

Sai a raba duk abin da aka gani kashi uku: na yau, na bana, na baɗi. Na yau shi ne abin da zai iya faɗowa kan mutum. Na bana shi ne duk wata hanyar ruwa. Na baɗi shi ne ado.

Gargaɗi: in azara ta tsage ko bango ya sunkuya, a rufe ɗakin nan take, a tokare, a koma sujada ƙarƙashin rumfa. Kada a ce "bari mu yi Kirsimeti tukuna."

Babban aikin laka a sa shi bayan girbi, daga Oktoba zuwa Janairu. Lokacin akwai sauran ruwa a tabki, akwai ciyawa da ƙaiƙayi, rana ba ta yi zafin da zai fasa yaɓe ba. Sai dai a Adar samari ba sa daɗewa a gida bayan an kai hatsi rumbu, bida, wato tafiya cin rani, ke jiransu. A tsayar da ranar gayya tun gero yana gona.

6. Rufi da indararo

Daga sama ake farawa, don gyaran bango a ƙarƙashin rufi mai yoyo zuba ruwa ne a kwando.

In rufin laka ne bisa azara, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara sabuwar laka a kan tsohuwa duk shekara. Bayan shekara ashirin rufin ya yi kauri fiye da ƙarfin azara, kuma in ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake yi. A kankare abin da ya yi yawa, a buɗe gefe ɗaya, a canza azarar da ta lalace ɗaya bayan ɗaya, bayan an tokare na kusa da ita. Azarar giginya namiji ta fi ta mace tauri. Daga wajen Gaya ta fi zuwa, kuma icce ne mai kariya, don haka a saya wurin mai takardar gandun daji, a karɓi rasit. In za a mayar da laka, a yi mata gangara zuwa bakin indararo, a daɓe sosai.

Indararo ya fito daga bango kamu ɗaya aƙalla, ya ɗan sunkuya ƙasa. Inda ruwansa ke sauka a jera faffaɗan duwatsu, a yi masa 'yar hanya ta fita nesa da gini. Wuyan indararo, inda ya ratsa bango, shi ne wurin da yoyo ya fi farawa. A ba shi lokaci.

In rufin kwano ne, a bi ƙusa-ƙusa. Wadda ta saki a canza ta da mai roba a kai. Kwanon da ya huje a canza shi shi kaɗai, ba duka rufin ba. A duba ɗaurin katako da bango, don guguwar farkon damina da rufi take fara gaisawa.

Gargaɗi: in jemagu sun daɗe a ciki, a yayyafa ruwa a kashinsu kafin shara, a sa takunkumi. Ƙurarsa tana cutar da huhu. A kuma duba ko akwai zuma ko rina kafin kowa ya hau tsani.

7. Gindin bango da yaɓe

A fara da ƙasar da ke kewaye. A kwashe shara, taki da ɓaraguzan da suka taru a gindin bango, a cike ramuka, a daɓe ƙasa da gangara ta yadda ruwa zai gudu daga ginin, mita ɗaya zuwa biyu. Bishiyar bedi da ke dab da bango a rage mata rassa, kuma kada a dasa sabuwa kusa. Masu shuka furanni a gindin bango suna ba su ruwa kullum, a roƙe su su matsa gaba.

Inda gindin bango ya zaizaye ya yi kogo, ba a cike shi gaba ɗaya rana ɗaya. A yi mita ɗaya, a tsallake ɗaya, a yi ta gaba. A kankare abin da ya ruɓe, a jiƙa wurin, a cusa tubali ko bulon laka da kwaɓi, a bari ya bushe, sannan a dawo kan waɗanda aka tsallake.

Kwaɓin yaɓe a gwada shi kafin a yarda da shi. A nemi ƙasa daga inda aka ɗebo ta asali in tsofaffi sun tuna. A yi haɗi uku ko huɗu, kowanne da yawan yashi da ciyawa dabam, a shafa su jere a bango, kamu ɗaya-ɗaya, a bar su mako guda. Wanda ya tsattsage, yumɓu ya yi masa yawa. Wanda ke zuba in an goga hannu, yashi ya yi yawa. Wanda ya zauna lafiya shi ne naku, a rubuta ma'auninsa a littafi don na baya. A kwaɓa da ramno da kashin jaki ko na shanu, a rufe, a bar shi kwanaki ya ruɓa, ana juyawa. Ranar yaɓe a jiƙa bango, a shafa siriri, ya sha iska, a ƙara na biyu. Mai kauri a tashi ɗaya saɓulowa yake yi.

Yanzu maganar siminti. Na san Malbaza, inda ake yin siminti, tana kusa da mu, kuma mutum yana ganin ya girmama ɗakin Allah in ya lulluɓe shi da siminti. Amma laka numfashi take yi: tana shan danshi tana fitarwa. Siminti yana toshe ta. Ruwa ya shiga ta 'yar tsaga ko ya taso daga ƙasa, ya rasa mafita, laka ta narke a ɓoye, waje kuwa sumul. Ran da ɓawon ya faɗo sai a tarar rabin bango ya tafi da shi. Haka fentin mai yake yi a ciki. In ana son fari, farar ƙasa ta isa. In an riga an yi simintin tun da, kada a ɓamɓare shi gaba ɗaya. A cire inda ya yi ƙarar ganga, kaɗan-kaɗan, cikin rani, ana mayar da laka.

Masu cewa laka ta talaka ce, su je Yama, nan cikin jiharmu, su ga masallacin da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Su wuce Dandaji su ga tsohon masallacin da aka gyara ya zama ɗakin karatu a 2018, cikin aikin da mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta ja tare da abokiyar aikinta. Gwanayen laka suna nan cikinmu. Maginin da ya gyara masallaci zai gyara majami'a, don ƙasar ɗaya ce. Namu Musulmi ne, da azahar yakan sauko daga tsani ya yi alwala da ruwan kwaɓi.

Tsofaffin ƙyamare, tagogi, benci da ƙararrawa a gyara su a mayar. Abin da ya wuce gyara a sa masa lamba a ajiye, kada ya tafi wurin 'yan gwangwan.

8. Makabarta

Shinge ne farko, don dabbobi da masu yanke hanya sun fi ruwa saurin baje kabari. Ga yadda ake lissafi: fili mai mita 50 da 40, kewayensa mita 180 ne. In ana kafa turke duk mita 3, turaku 60 ke nan. In naɗin ragar waya mita 25 ne, sai an sayi 8. Da wannan lissafin za a je kasuwa a tambayi kuɗi a shago uku. Daga cikin ragar a dasa aguwa: a yanko sanduna, a bar bakinsu ya bushe kwana kaɗan, a kafa su kusa-kusa cikin Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari. Kafin ragar ta yi tsatsa, aguwa ta zama katanga. A kiyaye ruwanta mai kama da madara, yana ƙona ido. Ƙofa ɗaya ta isa, makulli biyu.

Shara da hannu ake yi, da lauje da manjagara, a sa takalmi mai rufi saboda kunama da maciji. Ba a sa wuta. Tana cin gicciyen icce, tana fasa dakali, tana kuma barin ƙasa tsirara ga ruwa. Bishiyar da ta tsiro cikin kabari a yanke ta daidai ƙasa, kada a tumɓuke, don saiwarta ta riga ta shiga inda bai kamata a taɓa ba.

Dakali da dutsen da ke da rubutu, ruwa da buroshi mai laushi kawai suke so. Ba buroshin ƙarfe, ba ruwan jabel, ba ruwan batir. Gicciyen ƙarfe shi ne ake gogewa da buroshin ƙarfe, a shafa maganin tsatsa, sannan fenti, ana kauce wa farantin suna. A yi ɗaya a gama kafin a taɓa na gaba. In an tara su wuri ɗaya don saurin fenti, ba za a sake sanin na wane ne ba. Kabarin da ya lotsa a cike shi da ƙasa daga waje, a daɓe da hannu, a mayar da duwatsunsa yadda hoto ya nuna.

Ga zaizaya kuwa, mutanen Adar ba sa bukatar malami. Tun aikin farfaɗo da ƙasa na Keita na shekarun 1980 ƙauyuka da yawa suna da wanda ya iya jera duwatsu a kan gangara. A jera su daga sama, inda ruwa ke shigowa, ba a bakin kwazazzabo kaɗai ba, don a karya ƙarfinsa tun bai iso ba.

Gargaɗi: in ruwa ya tono ƙashi, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tsare wurin, a sanar da iyali, shugaban majami'a da hukuma. Ba a ɗaukar hoto don yaɗawa, ba a kuma matsar da gawa sai da izinin hukuma da yardar dangi.

9. Kuɗi

Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, daga kaka zuwa bazara, don haka abin da zan ba ku shi ne jerin inda kuɗi ke tafiya. Mafi nauyi su ne shinge, azara ko kwano, da ladan magini. Na biye, wanda kowa ke mantawa, shi ne ruwa. A ƙasar Tawa gangar ruwa kuɗi ce, kwaɓi kuma mashayi ne, shi ya sa na nace a kan yin aiki tabki bai ƙafe ba. Sai amalanken laka da duwatsu, abincin ranar gayya, kuɗin takardun fili da na mota. A kan jimilla a ƙara kashi ɗaya cikin goma, don duk rufin da aka buɗe sai ya nuna abin da ba a zata ba.

Kada a raina ƙaramin karo-karo. Gida 40, kowanne jika ɗaya a wata, cikin wata 10 jika 400 ke nan, wato sefa 400,000. 'Yan gari da ke Abijan, Yamai ko Legas sukan aiko in sun ga hoto da lissafi. Kuɗi kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kowane saye da rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen wata, a kuma kai wa maigari kwafi in mutanen gari sun sa hannu. Magini a biya shi kashi-kashi, bayan an duba kowane mataki.

Gargaɗi: wani mai hali zai zo ya ce a rushe, shi zai gina sabuwa ta bulo da tayil. A gode masa ƙwarai, a nuna masa fili a gefe. Sabuwa tana iya tsayawa kusa da tsohuwa, tsohuwar kuma ta zama wurin addu'ar safe, ajin yara ko ɗakin ajiye tarihi. Kada dai a rufe ta da kwaɗo a tafi. Ɗakin da ba a shiga, ba a ganin yoyonsa.

10. Kulawar shekara

A rubuta ta a manna a bayan ƙofa, da sunan mai kowane aiki. Cikin Mayu: a hau rufi, a fasa toshiyar indararo, a cike tsaga, a duba ɗaurin kwano. Cikin Oktoba: shara a makabarta, gyaran jeren duwatsu, sabunta yaɓe inda feshi ya ci. Cikin Janairu: a buɗe akwatin littattafai a duba gara, a ƙara sababbin kaburbura a taswira, a sake ɗaukar hotuna daga kusurwoyin farko don a gwada da na bara. In malaman lakwal sun nemi kawo yara, a sa dattijo ya raka su, a nuna musu inda ake takawa da inda ba a takawa.

A bayan majami'a a bar tarin ƙasar da aka gwada, a rufe da tsohuwar tabarma, da bokiti da cokalin gini a kusa. Bayan kowane babban ruwa, mutum ɗaya ya zaga ginin da makabartar kafin rana ta yi tsaka. In ya ga 'yar tsaga, ya kwaɓa dunƙule biyu ya toshe a ranar. In bai ga komai ba, ya rubuta kwanan wata a littafi, ya sa "lafiya lau" a gabansa.